Daga Ɗakin Gwaje-gwaje Zuwa Fadamar Haɗeja: Godiya da Ƙarfafa Guiwa ga Ɗaliban Kimiyya Masu Fita

Duk shekara idan ranar bikin yaye ɗalibai ta zo, nakan bar rumfar manyan baƙi in koma bakin ƙofa, inda iyaye suke taruwa. A can ne ake ganin motocin haya da suka taso tun da asuba daga Haɗeja da Auyo da Kiri Kasamma da Guri da Birniwa, maƙare da dattawa da iyaye mata da ƙanne, kowa ya ci ado. A irin wannan tsayuwa ce wani dattijo, wanda ɗansa ya yi karatu a sashenmu na nazarin halittu, ya taɓa riƙe hannuna ya ce, "Malam, wannan riga da ka ga yaronka ya sa, kifi ne ya ɗinka ta." Muka yi dariya muka rabu. Amma da na koma ofis sai maganar ta ƙi fita daga raina, domin kuwa tsagwaron gaskiya dattijon ya faɗa. Ga da yawa daga cikin ɗalibanmu na wannan yanki, kuɗin rajista da na ɗakin kwana da na buga kundin binciken shekarar ƙarshe, daga kwalin kifin banda suka fito, ko buhun shinkafa shanshera, ko tattasai, ko ɗan bijimin da aka turke aka kiwata da harawar wake. Waɗannan abubuwa kuwa dukkansu 'ya'yan ruwan kogin Haɗeja ne.

Saboda haka a wannan fitowa ta mujallarmu na jingine darasin da muka saba, domin in yi magana da ɗalibanmu na fannonin kimiyya da fasaha da injiniya da lissafi waɗanda suke shirin yi mana ban kwana. Magana biyu gare ni: godiya, da kuma wani aiki da nake so in nuna muku da yatsa kafin ku watse.

Yabon gwani ya zama dole

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya kawo mu wannan rana, da kuma iyayen da suka ɗaure ciki suka tura ku, bari in juya al'ada. An saba ɗalibi ne yake gode wa malami. Yau malami ne zai gode wa ɗalibi.

Ba a lokaci mai sauƙi kuka yi karatu ba. Annobar korona ta 2020 ta rufe makarantu wata da watanni, sannan yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ci wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Digirin shekara huɗu ya koma na biyar, ga waɗansu ma har shida. Mu malamai muna da hujjojinmu, ba kuma nan ne wurin zayyana su ba, amma da shekarunku aka biya, kuma ban ji daɗin haɗa ido da ku ba ranar da aka koma aji. Duk da haka kuka dawo. Na gan ku ku goma a kan madubin ƙara girma guda ɗaya, wuta ta ɗauke, ɗaya ya haska da fitilar wayarsa sauran suna leƙawa bi da bi. Na san lokutan da kuka yi karo-karo kuka sayi sinadarin gwaji da ya ƙare, ba ku ko faɗa mini ba sai da na ga kwalbar a kan tebur. Godiya ta musamman ga ƙannenmu mata, musamman waɗanda suka haɗa karatu da aure da goyo, suka kuma shiga laka har guiwa ranar fita daji ba tare da an ce an ɗauke musu ba. Wata daga cikinsu, 'yar wani ƙauye na bakin kogi, ita ta koya mini yadda ake bambanta ƙananan kifaye biyu da na yi shekaru ina ɗauka iri ɗaya ne. Allah ya saka muku da alheri, ya yafe mana inda muka gaza.

Kogin da ya biya kuɗin makaranta

To, ga aikin. Amma bari mu fara tuna wa juna yadda wannan kogi yake, don na lura ɗalibi yakan iya zayyana maka Nilu da Amazon tiryan-tiryan, amma ka tambaye shi daga ina ruwan bayan gidansu ya taso sai ya sunkuyar da kai.

Kogin Kano da kogin Challawa ne suke haɗuwa a kudancin birnin Kano su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da ƙasar Ringim ya iso Haɗeja. Ɗan'uwansa kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa ta ƙasar Bauchi da Katagum. Su biyun suna gamuwa kusa da Gashuwa, daga nan a kira su kogin Yobe, har Tafkin Cadi. A can sama ruwan yana gudu ne a kan ƙasa mai duwatsu. Da ya wuce Wudil sai ya faɗo shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta yashi da laka, ya kuma ci karo da tsofaffin tudunnan rairayi da iska ta jera a wani zamani mai tsawo da ya wuce, lokacin da wannan ƙasa ta fi yanzu bushewa. Su ne jigayin da jiharmu ta samo sunanta daga gare su. Da yake ruwa ba ya hawa tudu, sai ya rarrabu tsakanin jigayin: ga reshen Kafin Hausa, ga tsohon kogin Haɗeja, ga Burum Gana, ga kuma Marma wadda take zuba a tafkin Nguru. A watannin Agusta da Satumba rassan nan sukan cika su tumbatsa, ruwa ya kwanta a kwaruruka. Abin lura a nan shi ne, ruwan saman da ake samu tsakanin Haɗeja da Nguru a matsakaici wajen milimita 500 zuwa 600 ne a shekara, alhali na Jos ya haura 1,200. Wato ruwan da aka yi a wata ƙasa ne yake tahowa ya kwanta mana a ƙofar gida.

Kakanninmu sun tsara rayuwarsu kaf a kan wannan zuwa da komawar ruwa. Idan yana tasowa shinkafa tana binsa. Tarwaɗa da ƙarfasa da bargi da kawara su bar cikin kogi su bazu cikin ciyawar da ruwa ya rufe, a can suke ƙwai, a can 'ya'yansu suke samun abinci da maɓoya. Idan ya fara janyewa manomi ya bi danshi da wake da sauran kayan rani, masunta su tare kifi a kududdufai, Fulani su gangaro da shanu. Masu kaba da goruba da kanwa kowa da lokacinsa. Akwai kuma aikin da ido ba ya gani: wani kaso na ruwan yana tsatsewa ƙasa ya cika maɓuɓɓugar rijiyoyin garuruwan da ko ganin kogin ba sa yi. Hatta tsuntsaye daga arewacin Turai da Saibiriya sukan ƙetaro Sahara su yi hunturu a nan tare da dinya da kirinjijiya da zalɓe namu na gida. Saboda su ne da sauran albarkar wurin aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, wuri na farko ke nan a Nijeriya. Baturiya ta biyo baya a 2008, sannan a 2020 hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja da Nguru da Bade a matsayin keɓaɓɓen wurin kare halittu.

Ni kaina bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga aka haife ni, don haka wancan kogi na da a bakin dattawa na ji shi. An kammala Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1973 ya gigita Arewa. Ta Challawa ta biyo baya a 1992. Su biyun suna riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da yake shiga kogin Haɗeja. Kada wani ya ɗauka ina zagin madatsun nan ne. Ruwan famfon birnin Kano, da tumatir da shinkafar Kura da Kadawa, da noman ranin da ake yi a ƙasar Auyo, duk da su suka dogara. Sai dai kowane gyara da kuɗinsa, kuma mutanen ƙasan kogi ne suka biya. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 ambaliyar shekara takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, bayan madatsa ta haɗu da fari, ba ta kai 1,000 ba.

Kacala

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, raguwar ambaliya ba ta zo ita kaɗai ba, ta zo da ruwan da ba ya tafiya. A da, kogin yakan ƙafe da rani, gindinsa ya tsage, rana ta ƙone duk abin da ya tsiro a ciki. Yanzu kuwa ana sako ruwa daga madatsu duk tsawon rani domin masu ban-ruwa da masu sha, saboda haka rassan kogin ba sa bushewa. Wannan shi ne abin da kacala take so. Ciyawa ce mai son ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya yankewa. Kanta guda ɗaya, wanda ya yi kama da zangarniyar gero, yana ɗauke da iri sama da 100,000, iska kuma ita ce mai rabawa. A ƙarƙashin laka tana da jijiya mai rarrafe wadda take fitar da sabon tsiro a kowace gaɓa, shi ya sa ƙona ta da wuta aski ne kawai. Idan ta yi duhu sai ta rage wa ruwa gudu, ruwa ya sauke yashin da ya ɗauko, gindin kogi ya cike, kacala ta ƙara samun wurin zama. Da haka tsohon kogin Haɗeja ya toshe, ruwa ya karkata wajen Marma. Sakamakon haka, waɗansu garuruwa gonakinsu sun nutse shekara da shekaru, waɗansu kuma a ƙasansu suna kukan ƙishirwa. Idan aka yi damina mai nauyi kamar ta 2020 da ta 2022, ruwa ya taho ya tarar da hanyarsa a rufe, sai ya shiga gari.

Ba ta tsaya nan ba. Cikin duhunta jan-baki yake kwana ya yi sheƙa, da safe ya faɗa wa shinkafa da gero da alkama. Yaran da ya kamata a ce suna aji suna can suna kaɗa gwangwani. Sauro yana samun wurin ƙwai. Ƙananan dodon-koɗin da suke ɗauke da cutar tsargiya su ma sun samu gida na dindindin. Masunci kuwa ba inda zai jefa birgi.

Amma ga inda karatunku yake da rana. Jijiyar kacala tana cikin laka inda babu iskar oksijin, don haka ta cikin ganyenta da busassun karanta take shaƙo iska, ta waɗansu ƙananan kofofi masu kama da soso. In ka yanke ta a saman ruwa ka yi aikin banza. In ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan kuma ya ci gaba da rufe kututturen na makonni, ka toshe mata hanci ke nan. Darasin tsirrai ne na aji biyu, wanda wataƙila kuka haddace don jarrabawa kawai, ga shi yana iya bambanta aikin gayyar da zai yi amfani da wanda za a sake yi baɗi.

Wa ya auna?

A 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, da haɗin guiwar ƙungiyar IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila da gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya. A ƙarƙashinsa aka yi ta auna ruwa, ana shawagi da jirgin sama ana zana iyakar ambaliya, ana ƙirga tsuntsaye. A 1991 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi wani lissafi da ya zaga duniya: suka kwatanta abin da ma'aunin ruwa guda yake samarwa idan an bar shi ya kwanta a fadama, ta fuskar noma da su da itacen girki, da abin da yake samarwa a babban aikin ban-ruwa na kogin Kano. Fadama ta yi rinjaye da tazara mai yawa, alhali ba a ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi cikin lissafin ba. A 1993 kuma aka buga littafi sukutum a kan wannan dausayi, wanda Hollis da Adams da namu Muhtari Aminu-Kano suka shirya. Irin waɗannan alƙaluma suna cikin hujjojin da ake kafawa duk lokacin da aka tayar da maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are.

Ku lura da shekarun nan. Yawancinku ba a haife ku ba. Ku kuma lura da sunayen: mafi yawansu baƙi ne, sun yi aikinsu tsakani da Allah, sun koma gida. A wancan lokaci babu jami'a ko ɗaya a Jigawa, jihar ma a 1991 aka ƙirƙiro ta. Yau akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tun 2013, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a cikin garin Haɗeja. Uzurin rashin masana na gida ya ƙare. A yawon da nake yi na sha tarar da sandar auna tsayin ruwa ta karye ko lambobinta sun goge, ba wanda yake karanta ta. Kogi kuwa ba a saninsa da ziyarar mako biyu. Sai wanda ya zauna da shi, ya rubuta abu ɗaya a wuri ɗaya shekara goma, shekara ashirin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kayan aiki ma sun sauƙaƙa ƙwarai. An harba tauraron ɗan'adam na Landsat na farko a 1972, shekara biyu kafin a gama Tiga, kuma tun 2008 hotunansa kyauta ne ga kowa a intanet. Wanda ya karanta kwamfuta ko lissafi, da ƙaramar kwamfutarsa ta cinya zai iya zana tarihin ambaliya da yaɗuwar kacala na shekara hamsin, abin da a da sai an ɗauki hayar jirgi. In ya haɗa kai da injiniyan ruwa, su ɗora alƙaluman ruwan sama da na abin da ake sakowa daga madatsu, za su iya gaya wa mutanen Auyo da Guri kwana nawa ya rage ruwa ya iso su. Wanda ya karanta ƙananan halittu, madubi da matata da fitsari mililita 10 da aka karɓa tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana sun ishe shi ya gano ƙwan tsutsar tsargiya a jikin ɗan firamare. Maganinta, wato firazikwantel, sananne ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa 2030 a matsayin shekarar da take son cutar ta daina zama barazana ga jama'a. Ita kanta kacalar dukiya ce ga mai dabara. A Roso ta ƙasar Muritaniya, inda madatsar Diyama ta 1986 ta jawo musu irin wannan bala'i a kogin Sanigal, gawayin girki suke yi da ita. A nan gida ma, ƙarƙashin shirin TRIMING na Gwamnatin Tarayya da Bankin Duniya, masana daga Jami'ar Gashuwa da takwarorinsu na Madrid da Maryland sun gwada mayar da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Abin da ya rage shi ne wanda zai fitar da gwajin daga takarda ya kai shi kasuwar Haɗeja a farashin da mai tuwo-tuwo za ta iya saye.

Jan kunne ɗaya zan yi muku. Kada rigar yaye ta sa ku shiga ƙauye da kafaɗa. Wani tsohon masunci ya taɓa haƙo mini gaiwa daga busasshiyar laka a tsakiyar bazara, tana naɗe cikin wata 'yar jaka ta busasshiyar majina, da ɗan ƙaramin rami da take numfashi ta ciki. Na tambaye shi me take ci duk tsawon watannin nan, ya ce, "Jikinta take ci, Malam." A littattafanmu an rubuta cewa gaiwa tana da huhu, tana rage aikin jikinta ƙwarai idan ruwa ya ƙafe, tana kuma narkar da tsokarta ta rayu da ita. Shafi uku muka yi a kan abin da ya faɗa cikin kalma uku, bai kuma taɓa shiga aji ba. Sarkin Ruwa ya san inda kogi ya bi shekara arba'in da suka wuce. Ku kuna da ma'auni da alƙalami. Ku gaishe shi, ku zauna a tabarmarsa, ku rubuta abin da ya faɗa da kwanan wata.

Ba zan ruɗe ku ba, aikin gwamnati ba zai ishe ku duka ba, kuma waɗansunku za su tafi Abuja ko Legas ko ƙasashen waje neman ƙarin ilmi da abin kai wa baki. Ku tafi, Allah ya ba da sa'a. Ban ga laifin wanda ya nemi halalinsa ba. Roƙona shi ne, idan an ce ku zaɓi abin da za ku yi bincike a kansa a digiri na biyu ko na uku, ku tuna da kifin da ya ɗinka riga. Wanda kuma ya samu kansa yana koyar da kimiyya a wata sakandare ta Malam Madori ko Kaugama, kada ya raina wurinsa: sanda mai lamba a bakin gada, da littafi guda, da yara biyu masu karanta ta kowace safiya, tashar bincike ce cikakkiya.

A tsakiyar watan Janairu na kowace shekara ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya, al'adar da aka faro tun 1967. In Allah ya kai mu, ni da 'yan aji uku za mu kasance a Baturiya, kuma kullum masu ƙirga ba sa isarmu. Duk wanda hidimar ƙasa ta bari a kusa, ya aiko da saƙo sashe kafin ƙarshen Disamba don a san yawan kujeru. Ya zo da fensir, domin biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda, da rigar sanyi, da takalmin roba mai tsawo saboda matsattsaku. Mota tana tashi da an idar da sallar asuba.